Rashin wuta na lalata mana kayan bincike

Salam Edita,

Ni ɗalibi ne, ina bincike kan ƙwayoyin B, wato wasu fararen ƙwayoyin jini masu haɗa garkuwar jiki. In kana so su hayayyafa a ɗakin gwaji sai ka sa musu sinadaran saƙo irin su IL-4 da IL-21, galibi da bakteriya ake amfani wajen samar da su, ɗan gari ne da ƙyar kake ganinsa a gindin kwalba amma da dala muke saye. Da ka narkar sai firiza, to aka ɗauke wuta kwana uku cikin zafin Afrilu, duk ya lalace, wallahi har hawaye na yi. Don Allah hukuma a sa mana sola.

Ɗalibi, Sakkwato