Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobin Ƙungiyarmu ta Masu Ciwon Suga

Assalamu alaikum, iyayenmu da 'yan uwa maza da mata.

Tarukan wata-wata sun gudana kamar yadda aka saba, in ban da na watan azumi da aka ɗaga.

Abin da ya fi sanyaya mana rai a bana shi ne taron 14 ga Nuwamba, ranar masu ciwon suga ta duniya, wadda aka ɗora a kan ranar haihuwar Frederick Banting, ɗaya daga cikin waɗanda suka gano insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, a Kanada a 1921. Dagaci, Allah ya ja zamaninsa, ya ba mu ƙofar fadarsa, ma'aikatan lafiya kuma suka iso da sassafe domin a ɗiga jini kafin kowa ya karya kumallo, tunda suga da ya kai 126 a wannan gwajin alama ce ta ciwon suga da ke buƙatar a sake tabbatarwa. An auna hawan jini, kowa ya tuɓe takalmi aka duba tafin ƙafarsa, har aka tarar da wani dattijo da ƙaya ta soke shi a gona bai ji ba, aka wanke wurin kafin ya zama gyambo.

A ranar ne muka fara yi wa membobi tambayoyin da muka tsakuro daga takardar Hukumar Lafiya ta Duniya mai tambayoyi 26 ta auna ingancin rayuwa: barci, ƙarfin yin aiki, damuwar zuciya, zama da iyali. A ganina wannan ya fi komai amfani, domin mun ga mata da na'ura ta nuna sugansu ya sauka, amma fitsarin dare ya hana su barci, kuɗin magani kuma ya hana su sukuni.

Kundin bayanan lafiya da muka yi alkawarin buɗe wa kowane memba bai kammalu ba, kuma ba sakacin kwamiti ba ne. Dalili kuwa, gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda suga ya zauna cikin wata biyu zuwa uku, kuma ake so ya tsaya ƙasa da kashi 7 ga yawancin manya, sai an je Dutse ko Kano, ga kuɗin mota ga kuɗin gwaji. Asusunmu kuwa bai ma isa sayen tsinken gwaji ba, saboda da yawa daga cikinmu ba su biya kuɗin wata ba tun kafin damina. Ni da ma'aji mun bi gida-gida har mun fara jin nauyin yin sallama, alhali wasu da ba ma ganinsu a taro su ne kan gaba a layi ranar gwajin kyauta.

Wanda rashi ya hana shi ya faɗa mana a asirce, za mu san yadda za a yi. Sauran kuma, ma'aji zai zauna da littafi a inda muke taro kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Sakataren Ƙungiya