Gardamar fawa banki da memori: a fara tambayar mudun da aka auna

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in sa baki a wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin matasanmu masu sha'awar na'ura, tun daga rumfunan Farm Centre har shagunan titin Beirut. Wasu na cewa duk lambar da aka buga a jikin kaya ƙarya ce, wasu kuma kwali ne hujjarsu. Ni a ganina duka an bar jaki ana dukan taiki, don ba a tsaya an tambayi mudun da aka yi awon da shi ba.

Fawa banki shi ne aka fi tayar da jijiyar wuya a kansa. Mutum ya sayi mai 20,000mAh, batirin wayarsa 5,000mAh, sai ya sa rai zai cika ta sau huɗu. Da ya ga sau uku ma da ƙyar, sai ya ce an cuce shi. Alhali mAh, ma'aunin cajin da ake bugawa a jikin batiri, ita kaɗai ba ta faɗin yawan wutar da ke ajiye, sai an ninka ta da bolt, wato ƙarfin turin wutar. Batiran da ke cikin fawa banki a kan bolt 3.7 suke, saboda haka 20 (wato 20,000mAh a raba da dubu) sau 3.7 ya ba da 74Wh, Wh kuwa shi ne mudun ainihin yawan wutar. Iyakar abin da ke cikin tulun ke nan. Ita kuwa ƙofar USB bolt 5 take fitarwa a caji na yau da kullum, dole ɗan fanel ɗin ciki ya ɗaga wutar, kuma a wajen ɗagawar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari kan tafi a zafi. Ɗumin da ake ji a hannu shi ne asarar. Idan wutar ta shiga waya, sai a sake sauke ta daidai da batirinta, a sake yin wata asarar, siririyar wayar caji maras kyau ma ta ci nata rabon. Abin da ke isa batiri bai fi 55Wh ba. Batirin 5,000mAh mai bolt 3.85 kuwa wajen 19Wh yake ɗauka. A raba a gani, sau uku ne ba kaɗan, kuma sai idan ba a danna wayar ana cikin caji. Kamfanonin kirki ma sukan rubuta wannan da ƙananan baƙaƙe a bayan kayan, a ga 12,000mAh ko 13,000mAh a kan bolt 5, sai dai wa ke juya baya ya karanta?

Wannan ba ya wanke jabu, don akwai shi jibge a kasuwa. Batirin nan mai kama da na tocila da ake kira 18650, mafi kyawunsa wajen 3,500mAh yake ɗauka, nauyinsa giram 45 zuwa 50. Duk wanda aka rubuta wa 9,900mAh a jiki ƙarya ce tsagwaronta. Kafin a haɗa 20,000mAh sai an jera irinsa shida, shi ya sa na gaskiya da wuya ya gaza giram 300. Wanda aka ce 50,000mAh ne amma yana shiga aljihun riga ba a ji shi ba, a ajiye wa mai shi. Nauyin ma ba shaida ba ce kammalalliya, tunda akan tarar da kwanson batiri cike da yashi. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne ƙaramar mitar USB: a cika fawa bankin, a sa mitar tsakaninsa da abin da ake cajawa, a yi ta ja har ya mutu, sannan a karanta Wh. Mai 20,000mAh ya kamata ya ba da 60 ko kusa da haka. In ya tsaya a 25, ba sauran musu.

Ta memori da filash ta fi sauƙi. Mai ƙerawa yana lissafin gigabait ɗaya a matsayin bait 1,000,000,000, Windows kuwa da ninkin 1,024 take ƙirga, nata gigabait ɗin bait 1,073,741,824 ne. Shi ya sa 64GB ke fitowa 59.6, 128GB ta zama 119, faifan ajiya na kwamfuta mai 1TB, wato gigabait dubu, ya nuna 931. Ba bait ko ɗaya da ya ɓace. Tun 1998 hukumar IEC, mai tsara ƙa'idojin kayan lantarki ta duniya, ta fito da sunaye irin su gibibait, wato gigabait na ƙirgen 1,024, don raba wannan rigima, kwamfutocin Apple kuma suka koma ƙirgen dubu a 2009, sai ga filash guda yana nuna lamba biyu a kwamfuta biyu. Irin wannan ruɗanin ne a intanet: saurin 20Mbps da bit ake ƙirga shi, bit takwas kuma ke yin bait ɗaya, don haka sai an raba da takwas, a samu 2.5MB a daƙiƙa.

Memorin jabu kuwa ba ya nuna giɓi, kuma nan ne haɗarinsa. An sauya bayanin cikinsa ne, mai 8GB ya riƙa cewa shi 128GB ne. Yana karɓar kaya lafiya har ya wuce takwas ɗin nan, daga nan sai sabo ya hau kan tsoho ko ya tafi a iska. Sunayen hotunan biki suna nan reras, amma ba wanda zai buɗu. Manhajar H2testw a Windows, ko f3 a Linux, tana cika memorin gaba ɗaya da bayanai sannan ta sake karantawa ta faɗi inda ya tsaya. A kwashe komai kafin a fara, a kuma yi haƙuri, domin mai 64GB da ke rubuta 10MB a daƙiƙa zai ci kusan awa biyu a rubutun kaɗai.

Roƙona ga shugabannin kasuwannin waya shi ne kowane layi ya tanadi mitar USB da kwamfuta ɗaya ta gwaji, a kuma ba mai saye kwana ɗaya ya dawo da kaya idan sun faɗi awo.

Naka,
Mai gyaran waya da kwamfuta, birnin Kano