Wanke hannu a bakin ƙofa, cuta a cikin ɗaki

Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na lafiya na ranar Laraba, kuma gaskiya raina ya ɓaci. Rabin awa baƙonku yana nanata takunkumi da wanke hannu da ba da tazara don kariya daga korona, kamar ya manta maganar asibitin haƙori ake yi. Wa ake cike wa haƙori da takunkumi a baki? Kana hawa kujerar nan za ka cire shi, ka wangale baki, likita ya sunkuyo kanka. Ina tazarar take?

Da wata baiwar Allah ta bugo waya daga Ƙauran Namoda tana tambaya ko ana dafa kayan aiki, sai mai gabatarwa ya ce lokaci ya ƙure. Haba Malam! Ai tambayar da ya kamata a fara da ita ke nan.

Kwanan baya na kai mahaifiyata wani asibitin kuɗi a nan Gusau a cike mata kogon haƙori. A bakin ƙofa abin gwanin sha'awa: bokiti mai famfo, sabulu, ga yaro yana auna zafin goshin kowa. Cikin ɗakin kuwa taga a rufe, iska ba ta shiga ba ta fita. Injin da ake rarake haƙori da shi ruwa yake fesawa don kada haƙorin ya yi zafi, ruwan nan ya gauraya da yawu, wani lokaci har da jini, ya tashi kamar hazo. Da idona na ga ɗigonsa a tabarau ɗin likitan. Mutumin da aka gama wa aiki kafin mu kuwa tari yake ta yi. Yarinyar da ke taimakawa ta goge kan injin da auduga da sifirit, ta ce, "Hajiya, bismillah." Na ce tukuna. Na tambayi tukunyar dafa kaya, aka ce tun safe babu wuta, kuma ba za a tayar da janareta saboda mutum ɗaya ba. Na kama hannun tsohuwa muka fito da ciwonta.

Sifirit ba ya shiga cikin bututun injin. Tururi mai zafin digiri 121 ake bukata, na aƙalla minti 15, bayan kowane mutum. Kuma ba korona kaɗai ba, ciwon hanta ma ta nan yake bi.

A watan Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ɗage aikin haƙorin da ba na gaggawa ba inda korona ke yaɗuwa. Ta ce idan ya zama dole, likita ya sa takunkumin N95 mai tace iska sosai da garkuwar fuska, a buɗe taga, a yi aiki da na'urar tsotse yawu da robar da ke keɓe haƙorin. Akwai ma hanyar kankare ruɓar da kayan hannu a cike, ba tare da an kunna injin ba, wadda ta dace da mu da ba mu da wuta. Baƙonku ko ɗaya bai ambata ba.

Sannan don Allah, wane ne ya yarda a saka tallar mai maganin tsutsar haƙori a tsakiyar shirin likita? Sau biyu fa. Ku dawo da baƙon nan, ku bar layin waya a buɗe, matar Ƙaura ta sami amsarta.

Mai sauraronku,
daga Tudun Wada, Gusau