Zuwa Ga Abokan Cinikinmu Masu Haɗa Allunan Lantarki: A Auna Kafin A Narka Dalma

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya, wannan wasiƙa taku ce ku duka: masu gyaran waya na Computer Village a Ikeja, masu haɗa inbata da caja a Alaba da Agege, ɗaliban Yabatech da Jami'ar Legas masu aikin kammala karatu, har da wanda ya sayi Arduino guda, wato ƙaramin allo mai ƙwaƙwalwa, yana koyo a ɗaki bayan isha'i. Daga farkon wata mai kamawa za mu canza yadda muke sayar da wasu kaya da yadda muke karɓar aikin allo, wato fanel a bakin masu gyara. Dalili ɗaya ne: allunan da ake dawo mana da su a ƙone, mafi yawansu abin da ya kashe su mitar awon wuta tana iya nuna shi tun kafin dalma ta taɓa ƙafar komai.

Mun ajiye tebur a bakin kanta, da batir, da mita, da osiloskof mai nuna siffar kaɗawar wuta. Duk wanda ya sayi kaya yana da damar gwadawa a nan kafin ya biya. Abin da ya faɗi a gwaji namu ne. Abin da dalma ta riga ta hau ƙafarsa kuwa ba za mu karɓa ba, domin daga nan ba mai iya rantsuwa ko kayan ne ko haɗin.

Za mu fara da IRF3205, tiranzistan da ke buɗe wa wuta hanya ya rufe, don shi ne masu inbata suka fi saya, shi ne kuma aka fi yi wa jabu. A takardar kamfani, idan ya buɗe sosai, turjiyarsa ba ta wuce mili-om 8. Na jabu rubutun jikinsa ɗaya ne da na gaskiya, ƙwayar da ke ciki ce ƙarama, kuma ƙaramar na'urar gwajin tiranzista za ta ce muku lafiyarsa ƙalau, saboda wutar da take tura masa ba ta kai ta tona asirinsa ba. Ga gwajin da ke tonawa. A samo batir mai bolt 12 da ƙwan fitilar gaban mota mai wat 55, wanda ke jan kusan amfiya 4.5. Idan rubutun na fuskantarku, ƙafafu a ƙasa, ta hagu ita ce mabuɗi, ta tsakiya ce wuta ke shiga, ta dama ce take fita. A haɗa ƙwan daga jan kan batir zuwa ƙafar tsakiya, ƙafar dama zuwa baƙin kai, ta hagu kuma kai tsaye zuwa jan kai. Ƙwai zai kama. Sai a sa mita a ma'aunin milibolt 200, a dangwala allurorinta a kan ƙafar tsakiya da ta dama, a jikin ƙafafun kansu ba a kan wayoyi ba. Na gaskiya zai nuna milibolt 36 ko ƙasa da haka. Wanda ya nuna 80 ko 100 zuwa sama, a ajiye mana shi. Bambancin ba na wasa ba ne. A amfiya 20, mai mili-om 8 zafin wat 3.2 yake fitarwa, mai mili-om 25 kuwa wat 10. Idan kuma aka jera na gaskiya da na jabu gefe da gefe suna raba nauyi ɗaya, na gaskiyar ne zai ɗauki mafi yawan nauyin, tunda wuta ta fi bin hanya mai sauƙi, sai ya mutu a zage shi a banza. A riƙa jera waɗanda awonsu ya zo kusa da juna.

Wani abin da ake ɗora wa kaya laifinsa alhali na haɗi ne: IRF3205 da IRFZ44N suna son bolt 10 a mabuɗinsu kafin su buɗe sosai. Bolt 5 na Arduino rabin buɗewa yake musu, bolt 3.3 na ɗan uwansa ESP32 kuwa ko a bakin magana. Mai son tuƙawa kai tsaye daga Arduino ya nemi IRLZ44N, ko ya sa direba, wato ɗan haɗin da ke ɗaga bolt ɗin mabuɗi, a tsakani.

Ƙananan allunan rage wuta masu LM2596 ma akwai na jabu. Na gaskiya yana kaɗawa a kilohaz 150. Da yawa daga na kasuwa a wajen kilohaz 50 suke kaɗawa, kusa da saurin tsohon ɗan uwansa LM2576 mai 52. Suna aiki, ba mu ce ba sa yi ba, amma naɗin waya da kafasita da ke kan allon sun fi shan zafi, wutar da ke fita kuma ta fi ƙazanta. A ɗora masa nauyi, a sa allurar osiloskof a ƙafar LM2596 ta biyu, za a ga saurin ƙiri-ƙiri. Za mu riƙa rubuta wa kowane kashi abin da muka auna a jikin ledarsa. Amfiya 3 da ake rubutawa a talla kada ta ruɗe ku. Ba tare da ƙarfen sanyaya ba, ku tsaya a 1.5. Sannan a saita wutar fita da mita kafin a haɗa masa komai. Maɓallin saitin mai juyi da yawa ne, wani lokaci sai an murɗa shi fiye da sau goma kafin wutar ta fara sauka, shi ya sa wasu ke zaton ya lalace.

7805 kuwa, mai daidaita wuta a bolt 5, ba kasafai yake zama jabu ba, lissafi ne ake ƙin yi masa. Duk bolt ɗin da ya rage, zafi yake mayar da shi. Daga 12 zuwa 5 a rabin amfiya, wat 3.5 ke nan, shi kuma ba tare da ƙarfen sanyaya ba kowane wat yana ƙara masa fiye da digiri 50. Zai kashe kansa ya huce ya dawo, allo ya yi ta ɗaukewa yana kamawa, a ce Arduino ne ba shi da kyau. Yana kuma bukatar aƙalla bolt 7 a shigarsa, da ƙaramin kafasita mai maikurofarad 0.33 a gaba da 0.1 a baya, dab da ƙafafunsa.

Kafasita masu digiri 85 mun daina kawo su don aikin caja da inbata, sai masu 105. Ƙa'idar da aka sani ita ce duk ragin digiri 10 na zafi yana ninka tsawon ransu, kuma cikin akwatin ƙarfe a shagon da ba fanka a watan Maris ba wurin sanyi ba ne. A lura da bolt ɗin jikinsu kuma. Taransifoma mai bolt 12, bayan dayod huɗu, tana kai wa wajen bolt 16, ta ma wuce idan ba nauyi a kanta ko janareta ya yi sama. Kafasita mai 16 a nan ganganci ne, a sa mai 25. Wutar NEPA mai bolt 230 idan aka miƙe ta tana kai 325, don haka mai 400 ko 450 ake sawa, kuma yana riƙe wutar bayan an zare filogi. A sauke ta da rizista, ba da sukundireba ba.

Ita ma mitar a san halinta. Ƙaramar DT830 idan batirinta ya yi sanyi, sama take karantawa, sai a yi ta neman matsalar da babu ita. Ramin amfiya 10 na yawancinsu ba shi da fis, wanda ya manta jar waya a ciki ya kai ta soket ya haɗa gajeriyar hanya da hannunsa. Kuma irin wannan mita an tsara ta ne don wuta mai lanƙwasa sumul irin ta NEPA. A wutar inbata mai kusurwa huɗu tana ƙara kusan kashi 11 cikin ɗari. Mai aikin inbata ya sayi wadda aka rubuta True RMS a jikinta. Osiloskof na tebur kuma, matsewar baƙar wayarsa a haɗe take da wayar ƙasa ta soket. Wanda ya maƙala ta a ɓangaren wutar NEPA na caja zai ga tartsatsi, wataƙila ya rasa na'urar. Duk allon da zai taɓa wutar gida, kunnawar farko a yi ta ta bayan ƙwan fitila mai zare na wat 60 ko 100 a jere da shi: idan ya haska ya dushe, lafiya, idan ya tsaya da haske, akwai gajeriyar hanya. Ƙwan LED ba ya wannan aiki.

Sai maganar allo. Ba za mu ƙara karɓar hoton zane ta WhatsApp ba, domin hoto ba ya ɗauke da awo. Ku turo fayilolin Gerber, wato zanen allon da injin masana'anta ke karantawa, da fayil ɗin ramuka a dunƙule wuri ɗaya. KiCad da EasyEDA da Proteus duk suna fitar da su. Abin da aka fi mantawa shi ne layin gefen allo da fayil ɗin ramukan. Kafin ku turo, ku buga zanen a takarda daidai girmansa, ku ɗora kayan a kai ɗaya bayan ɗaya. Wannan aikin minti goma ne, yana kuma kama kuskuren da zai ci mako uku. Tiranzista masu kama ɗaya ba jerin ƙafafunsu ɗaya ba: BC547 da 2N3904 a juye suke da juna, C945 kuwa ƙafar da ke tsakiya a wajen waɗancan tana gefe a wajensa. 7905 ba jerin 7805 gare shi ba. AMS1117, shi ma mai daidaita wuta, faffaɗan kunnensa wutar fita ce, wanda ya haɗa shi da ƙasa ya kashe shi. Ramin milimita 0.8 ya isa rizista da aisi (IC), 1.0 don filolin haɗi da dayod 1N4007, amma 1N5408 ƙafarsa kauri gare ta, sai 1.5.

Allon da aka saba yi kaurinsa milimita 1.6 ne, jan ƙarfen da ke kansa maikuron 35. A wannan kauri, layi mai faɗin milimita 0.25 bai kai ya ɗauki amfiya 1 cikakkiya ba, mai milimita 1 yana ɗaukar 2 da 'yan kai, amfiya 5 kuma tana son kusan milimita 3, duk a kan ƙarin zafin digiri 10. Wutar batirin inbata ba a ba wa layin allo ita kaɗai, a shimfiɗa waya mai kauri a kai. Tsakanin ɓangaren wutar NEPA da ɓangaren da hannu ke taɓawa, ba mu karɓar ƙasa da milimita 6, kuma a ƙarƙashin rile da makamantansa muna son a yanka rami. Wannan ba mu ciniki a kansa. Kowane aisi a ba shi kafasita 104, wato mai maikurofarad 0.1, dab da ƙafar wutarsa, kowane rile a ba shi dayod a juye a kan naɗinsa.

Abin da muke yi a shago allo mai fuska ɗaya ne, layi da tazara kada su gaza milimita 0.4. Mai fuska biyu, da ramuka masu rufin ƙarfe da koren fenti, masana'antun Shenzhen muke aika wa. Biyar ne mafi ƙarancin oda, kuma wanda bai wuce santimita 10 a 10 ba ya fi araha nesa ba kusa ba. Da dala ake biya, don haka farashin da muka ba ku na kwana uku ne. Masana'antun suna rufewa a makon farko na Oktoba da lokacin sabuwar shekarar Sin, tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu. Ɗalibai musamman, ku duba wannan da ranar kare aikinku.

Mai son yi a gida, muna da ferik kulorayid da allo tsirara. Firintar leza ake bugawa da ita a takarda mai sheƙi, zanen a juye, ta ruwan tawada ba ta yi. A goge jan ƙarfen sai ya yi ƙyalli, kada yatsa ya ƙara taɓa shi, a danna da dutsen guga, a jiƙa a ruwa har takardar ta saki da kanta. Ruwan maganin a ɗumama shi zuwa digiri 40, a roba ba a kwanon ƙarfe ba, ana girgizawa. Da zarar jan ƙarfen banza ya tafi a tsame, don in ya daɗe yana cin layukan ta ƙarƙashi. Ruwan maganin da ya mutu ku zuba a gora ku kawo mana, kada ya shiga kwata.

Danshin Legas shi ne abokin gaban da ba a gani, balle a damina ko a unguwannin bakin ruwa. Jan ƙarfe tsirara cikin 'yan kwanaki yake dushewa ya ƙi kama dalma, don haka a shafe shi da dalma ko man ƙaro a ranar da aka wanke shi. Man dalma na masu aikin famfo yana da asid, yana cinye layi ya bar kore-kore. Ba ya kusantar allo. Bayan an gama a wanke da barasar goge allo mai kashi 99 da tsohon buroshin haƙori, domin ragowar mai idan ya sha laima yana zurar da wuta tsakanin ƙafafu, ma'auni ya riƙa yawo ba dalili. Kayan manne irin su ESP32 da ke zuwa a leda mai ƙulli, kada a buɗe sai ranar aiki. Da yawansu awa 168 kawai aka ba su a waje, shi ma a danshin da bai wuce kashi 60 ba, namu kuwa yakan wuce. In sun sha ruwa aka hura musu iska mai zafi, tururi ne ke fasa su ta ciki.

Dalma mai 63/37, wato kuza kashi 63 da gubar dalma kashi 37, a digiri 183 take narkewa, ƙarfen a saita shi tsakanin 320 da 350. Marar gubar dalma sai wajen 217, ƙarfen ya kai 360 zuwa 380. A ɗumama ƙafa da layi tare sannan a kawo dalmar, daƙiƙa biyu zuwa uku. Za mu raba su a kanta da lakabi daban, don ana yawan ɗaukar wannan a zaton waccan.

Teburin gwaji yana buɗe duk lokacin da shago ke buɗe, ban da lokacin sallar Juma'a. Mai tsohon zanen da ba shi da Gerber ya zo da kwamfutarsa, za mu fitar tare, sau ɗaya ba kuɗi.

Wassalam.

Naku,
Masu shago da ma'aikata,
Agege, Legas.