Zuwa ga Ummi, kan kundin digirinki

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai. Mu nan gida lafiya ƙalau.

Mahaifiyarki ta shaida min an amince da batun da kika zaɓa na kundin kammala digiri, wato tarihin rini a Ƙofar Mata ta Kano. Wallahi na ji daɗi ƙwarai. Ta kuma ce kina taɓa ChatGPT wajen aikin, kamar yadda sa'o'inki ke yi. Ba zan ce ki daina ba. Tun da abin nan ya fito a watan Nuwamba na 2022 ya shiga hannun ɗalibai, kuma ba fita zai yi ba. Abin da nake so shi ne ki san da wa kike hulɗa.

Ita wannan ƙirƙirarriyar basira an ɗura mata tarin rubuce-rubuce ne masu ɗimbin yawa, har ta koyi kalmar da ta saba biyo bayan wata. Da haka take jero magana mai daɗin ji. Matsalar ita ce, inda ba ta da sani ba lallai ta yi shiru ba. Sai ta haɗa miki sunan marubuci da sunan littafi da shekara, har da lambar shafi, alhali babu wannan littafin a doron ƙasa. A watan Yuni na 2023 wani alƙali a birnin New York na Amurka ya ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000, saboda sun kafa hujja da shari'o'i guda shida da ChatGPT ya ƙago musu, ba su bincika ba suka miƙa wa kotu. Manyan mutane ne da suka daɗe a aikinsu, amma sunansu ne ya zube, na'urar ba abin da ya same ta.

Ke kuwa kin taso gidan da aka san darajar isnadi, wato jerin mutanen da aka ruwaito hadisi ta hannunsu. Abdullahi ɗan Mubarak ya ce isnadi yana cikin addini, ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Ilimin boko ma haka yake tafiya, shi ya sa malamanku ke matsa muku kan manazarta. Don haka ina roƙonki, kada ki sa sunan wani littafi a kundinki sai kin riƙe shi da hannunki ko kin karanta shi da idonki. In ta ce miki Heinrich Barth, matafiyin nan Bajamushe wanda ya shigo Kano a 1851, ya faɗi kaza game da cinikin tufafi, to tashi ki je ɗakin karatu ki buɗe. In abin ya kai ga tsofaffin takardun mulkin mallaka, ki nemi zuwa Kaduna, ga Gidan Arewa ga ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa. Kuɗin mota ni zan biya.

Sannan ki lura, yawancin abin da aka koyar da ita da Turanci aka rubuta shi. Abin da marina suka sani kuwa a bakinsu yake da hannunsu. Je ki karofi da safe, ki tsuguna kusa da dattijon da shuni ya rine masa hannu har gwiwa, ya nuna miki yadda ake haɗa baba da toka, da yadda yake gane rami ya nuna ta kumfar da ke tasowa. Ki leƙa wajen mabuga ki ji sautin bugu a kan gungume. Nan ne kundinki zai sami abin da babu a na kowa. Kuma abin da waɗannan bayin Allah suka faɗa miki amana ce. Kada ki kwashi sunayensu da hirarsu ki zuba a na'ura ba da saninsu ba, don ba ki da iko da inda bayanin zai ƙare.

Inda za ta yi miki amfani akwai shi. Ki rubuta babinki da kanki tukuna, sannan ki ce ta nuna miki inda Turancinki ya karkace, ko ta kawo hujjar da za a iya ƙalubalantarki da ita. Ki auna, ki ɗauki mai kyau. Amma kafin komai ki tambayi malamin da ke duba aikinki abin da sashenku ya yarda da shi, kuma duk inda kika yi amfani da ita ki bayyana a fili. Miƙa rubutun da ba naki ba da sunanki satar fasaha ce, ko daga mutum ya fito ko daga na'ura.

Ki ajiye duk takardun da kika fara zayyanawa, da littafin da kike rubuta hira, da muryoyin da kika naɗa. Manhajojin da ake cewa suna gano rubutun na'ura su ma suna kuskure. Kamfanin OpenAI, mai ChatGPT, da kansa ya janye tasa a watan Yuli na 2023 saboda rashin ingancinta. In aka zarge ki bisa kuskure, waɗannan ne shaidarki. Ranar kare kundi kuma ke kaɗai za ki tsaya gaban malamai, kowace jimla za su iya tambayarki daga ina kika samo ta.

Idan kin gama babi na farko ki turo min in karanta. Mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki. Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ki ilimi mai amfani.

Mahaifinki