Jiragen ISWAP ba sabon abu ba ne, ofis ne ya yi barci

Malam Edita, assalamu alaikum.

Raina ya ɓaci ƙwarai da shirinku na ranar Lahadi, musamman inda baƙonku, tsohon hafsan nan, ya yi ta nanata cewa jirage marasa matuƙi na ISWAP, ƙungiyar nan da ta ɓalle daga Boko Haram, sabon al'amari ne, dole a ba manya lokaci su yi nazari. Mai gabatarwa kuma ya bar shi ya wuce, ko tambaya ɗaya bai mayar masa ba.

Sabo a wurin wa? Tun 2016 zuwa 2017 mayaƙan IS ke ɗaura wa ƙananan jiragen ɗaukar hoto gurneti suna sako wa sojojin Iraƙi a Mosul. ISWAP kuwa reshensu ce, kowa ya san abin da aka gwada can zai iso Tafkin Chadi. Daga 2022 duk mai waya a hannu yana kallon yadda irin waɗannan jirage ke farfasa tankokin yaƙi a Yukiren. Yaran unguwarmu sun gani, balle masu taurari a kafaɗa. Amma sai da aka sako wa sojojinmu bama-bamai daga sama a yankin Damboa a Disambar 2024, sannan aka farka. Me aka yi? A Janairun 2025 aka fitar da sanarwar hana tashi da jirgi marar matuƙi a Borno da Yobe da Adamawa. Mai ɗaukar hoton biki ya naɗe kayansa, shi kuwa na cikin daji ina ruwansa da sanarwa? Ba a rufa wata uku ba aka afka wa sansanin Wulgo da ke Borno kusa da iyakar Kamaru, sojojin Kamaru sama da goma suka rasu. Ihu bayan hari ke nan.

Ba daga jarida kawai nake magana ba. Ƙanena kofur ne, yana fagen daga. In ya samu sabis ya kira, abin da yake faɗa mini ke hana ni barci. Sukan ji ƙugin abin a sama da dare, ba su da komai sai bindiga, su yi ta harbin duhu. Ya ce ogansu mutumin kirki ne, tun tuni ya rubuta yana neman na'urar da ke katse siginar jirgin, da raga ta rufe ramukan tsaro. Takarda ta hau sama, ta wuce wannan tebur, ta kwana a wancan, ana jiran sa hannu, ana jiran kwamiti, ana jiran ɗan kwangila. Kafin amsa ta sauko an canja musu wuri, waɗanda suka gaje su kuma sai su fara rubutu daga farko. Mahaifiyarmu tsohuwa ce, duk ranar da wayarsa ta ƙi shiga ba ta cin abinci.

Abin da ya fi ƙona mini rai, abokin gaba yana sayen jirginsa a kasuwa kamar yadda ake sayen waya, ya gyara shi a cikin mako. Mu kuma kayan kare ran soja sai sun bi layi ɗaya da odar kujerun ofis. Me zai hana a ba kwamandan da ke fili ikon sayen ƙananan kayan nan da kansa, a bincike shi daga baya? Me zai hana a zauna da ƙananan sojojin da suka ga abin da idonsu a ji ta bakinsu? Wannan ya kamata ku tambayi baƙonku. Ina roƙonku ku sake gayyato shi, ku haɗa shi da sojan da ya dawo daga daji ko matar wanda bai dawo ba.

Sannan don Allah ku duba lamarin layin wayarku. Na yi ta kira har shirin ya ƙare, kuɗina suna tafiya, amma muryoyin da muka saba ji kullum su ne dai aka ɗauka.

Wassalam.
Mai sauraronku daga Potiskum, Jihar Yobe.