A Sa Masu Sana'ar Hannu na Zango Cikin Lissafin Raya Kumasi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda ake tsallake masu sana'ar hannu na unguwannin zango duk lokacin da aka tashi zancen bunƙasa fasaha da al'adu a birnin Kumasi na ƙasar Ghana.

A watan Disamba na 2024, da hukumar UNESCO ta sanya saƙar kente, wato yadin gargajiyar Ghana mai launuka, cikin jerin al'adun da duniya ta gada, mun taya masaƙan garin Bonwire murna da zuciya ɗaya, domin sun cancanta. Sai dai idan baƙo ya zo daga Amurka ko Ingila, Bonwire ake kai shi, daga nan a wuce Ntonso ya ga yadda ake buga tambarin adinkra a kan yadi, a tsaya Ahwiaa wajen masassaƙa, amma ba a juya kan mota zuwa unguwanninmu na Aboabo ko Asawase ko Sabon Zango. Alhali kuwa rigar yaƙin nan ta Asantehene, sarkin Ashanti, da ake kira batakari kese cike take da layu da aka ɗinke cikin fata, kuma kowa ya san daga hannun Musulmi wannan aikin ya fito. Kakanninmu da fataucin goro ya biyo da su ta Salaga ba jakuna kawai suka koro ba, sun zo da allura da zare da ilimin jima da dukanci.

Akwai wani dattijo maƙwabcina da yake aikin babbar riga tun ina yaro, kuma har yau idan ya fitar da aska takwas a kan shadda sai mutum ya tsaya ya ƙare mata kallo. Shagonsa kwantena ce a bakin kwata, wadda da rana take zafi kamar tanda. A goman ƙarshe na azumin da ya wuce na iske shi bayan tarawihi an ɗauke wuta, kekunan ɗinkinsa biyu sun tsaya cik, shi kuma ya sa yaronsa ya riƙe masa fitilar waya yana ƙarasa wuyan wata riga da hannu, ga kayan sallar mutane jibge a bayansa. A da yara shida ne a gabansa suna koyo. Yanzu ɗaya ya rage, sauran sun kama tuƙin keke mai ƙafa uku, kuma ban ga laifinsu ba, domin a can ne ake komawa gida da kuɗin cefane kullum.

Ba doka ce muka rasa ba. Majalisar dokoki ta kafa Asusun Raya Zango a 2017, ta kuma zartar da dokar masana'antar fasaha a 2020. Abin da nake roƙo shi ne majalisar ƙaramar hukumarmu ta Asokore Mampong da masu riƙe da wannan asusu su ware wuri ɗaya mai rufi da iska, a sa masa wutar hasken rana, a zuba injinan surfani waɗanda teloli za su riƙa haya da awa, tunda ba kowa ne zai iya sayen nasa ba. A cikin ginin a keɓe ɗaki guda ga samarinmu da 'yan matanmu masu waƙa da shirya fim da Hausa, waɗanda a yanzu suke naɗar murya a ɗakin kwana bayan sun toshe taga da katifa. Ɗaliban sashen zane na jami'ar kimiyya da fasaha ta KNUST kuwa suna nan kusa da mu, za su iya koya wa yaran shago ɗaukar hoton kaya da tallata su a intanet.

Wajibi ne kuma in faɗa mana gaskiya mu mutanen zango, ko da za ta yi ɗaci. Mu ne muke biyan kuɗin jallabiyar da aka shigo da ita daga Dubai lakadan ba tare da neman ragi ba, amma mu karɓi ɗinkin ɗan'uwanmu bashi, salla ta wuce, wata sallar ta zagayo, ba mu biya ba. Sana'ar da masu ita suke bin bashi gida gida ba za ta riƙe yaro mai koyo ba, komai yawan injinan da gwamnati ta kawo.

Ina kira ga Sarkin Zango da limamanmu da su kira taron teloli da dukawa da masu fim kafin azumi mai zuwa, a rubuta sunayensu da yawan yaran da ke hannunsu, a kai takardar gaban majalisar Asokore Mampong.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Aboabo, Kumasi